Wadatar Zuci da Igiyar Awo

Duk shekara idan sanyi ya ja baya a Ingila da Amurka, wajen watan Afrilu, ciyawar ƙofar gida takan farka ta fara tsawo, mai gida kuma ya nufi kantin kayan lambu neman injin da zai aske ta. A kantin zai tarar da layi biyu. Ga manya masu shan fetur, waɗansu har da kujerar zama da sitiyari kamar ƙaramar tarakta, ga kuma ƙanana masu batir waɗanda dattijo zai iya ɗagawa ya rataye a bangon gareji. Mutumin da farfajiyarsa ba ta wuce taku ashirin ba ya san a ransa cewa ƙaramin ya ishe shi, amma ƙafarsa sai ta riƙa jansa wajen babban. Wannan jan ƙafa shi ne abin dubawa, domin a cikinsa akwai tsohuwar tambayar da malaman addini da masana falsafa suka daɗe suna juyawa: nawa ne ya isa? Abin da nake son tabbatarwa shi ne, wadatar zuci sana'a ce ta awo kafin ta zama natsuwar rai. Wanda bai auna buƙatarsa ba, ba shi da hanyar sanin ko ya yi almubazzaranci ko ya yi rowa, komai kyawun niyyarsa. Injin yankan ciyawa kuwa misali ne mai kyau, domin buƙatar da yake biya tana shimfiɗe a ƙasa, ana iya ɗaukar igiya a auna ta.

Wani zai ce addini ya fi ƙarfin a sauko da shi kan injin aske ciyawa. Amma wanda ya karanta babin tsarki a kowane littafin fikihu ya san addini bai raina ƙananan abubuwa ba. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Anas ɗan Malik cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan yi alwala da mudu guda na ruwa, ya yi wanka da sa'i guda zuwa mudu biyar. Abin lura a nan shi ne sahabbai sun kula har suka adana adadin. Da an ce musu kawai kada su ɓata ruwa, kowa sai ya fassara ɓarna yadda ta yi masa daɗi, mai kwarara tulu guda ma ya ce ai shi tattali yake yi. Aya ta 67 a Suratul Furkan ta siffanta bayin Allah na gari da cewa ciyarwarsu tana tsakanin wuce iyaka da ƙuntatawa, aya ta 31 a Suratul A'araf kuma ta halatta ci da sha da ado ta hana ƙetare haddi. Tsakiya ba ta samuwa sai an san gefe biyu, haddi kuma ba a sanin an ƙetare shi sai an san inda aka shata shi. Aristotle ma, can a Girka ƙarni huɗu kafin haihuwar Annabi Isa, ya ce kyawun hali yana tsakanin wuce gona da iri da gazawa, ya ƙara da cewa tsakiyar ta kowane mutum daban ce, abincin da ya yi wa ɗan kokawa kaɗan zai yi wa sabon shiga yawa. Hausawa sun taƙaita zancen da cewa daidai ruwa daidai tsaki.

Kafin a auna buƙatar, ya kamata a san inda ta samo asali, domin ba da ita aka halicci ɗan Adam ba. A ƙarni na 17 da na 18, shimfiɗaɗɗiyar ciyawa gajera a gaban gida alamar sarauta da dukiya ce a Faransa da Ingila. Mai ita yana nuna wa duniya cewa yana da ƙasar da zai bari ba shuka ba girbi, yana kuma da barorin da za su bi ta da dogayen lauje ko tumakin da za su riƙa kiwo a kanta. A shekarar 1830 wani makaniki mai suna Edwin Budding, a kusa da garin Stroud na Ingila, ya lura da wata na'ura a masaƙar ulu wadda ke aske gashin da ya tashi a jikin yadi don ya yi sumul. Ya ɗauki dabarar wuƙaƙen nan masu juyawa ya ɗora su a kan taya, ya yi rajistar ƙirƙirarsa a watan Agusta na shekarar, bayan shekara biyu kuma kamfanin Ransomes na Ipswich ya karɓi izinin ƙera ta. Daga nan abin da sai mai barori ke iya yi ya zama malamin makaranta da akawu ma suna iya yi da hannunsu ranar hutu. Injin ya sauƙaƙa aiki, amma ya kuma yaɗa aikin zuwa gidajen da a da ba su san da shi ba.

A Amurka abin ya zama kamar farilla. Unguwar Levittown da aka fara ginawa a Long Island a 1947, mai gidaje fiye da 17,000, ta sharɗanta wa mazaunanta su yanke ciyawarsu kowane mako daga Afrilu zuwa Nuwamba. Har yau garuruwa da yawa a can suna da dokar iyakar tsawon ciyawa, ƙungiyoyin masu gidaje na unguwa kuma suna cin tarar wanda ya bar tasa ta yi duhu. Tun a 1899 Thorstein Veblen, a littafinsa kan ajin masu hutu, ya sa ciyawar ƙofar gida cikin jerin abubuwan da mutane ke ƙauna saboda suna nuna kashe kuɗi ba tare da riba ba. Ma'anar wannan tarihi ita ce mutumin da ke tsaye a kantin nan buƙata biyu yake ɗauke da su a cuɗe. Ɗaya ta zahiri ce, ciyawa ta yi tsawo kuma doka ko zaman lafiya da maƙwabta na neman a rage ta. Ɗayar ta ido ce, a gan shi ranar Asabar da injin da ba za a raina ba. Ta farko tana da iyaka, tana ƙarewa a jikin katanga. Ta biyu ba ta da katanga, domin duk abin da ya saya akwai maƙwabcin da zai sayi wanda ya fi shi.

To, bari mu auna ta farkon. A ɗauki farfajiya mai murabba'in mita 200, wato tsawon mita ashirin da faɗin mita goma. Ƙaramin injin batir yakan yanke faɗin santimita 33 a tafiya guda, a ce 30 tunda kowane layi yana ɗan hawa kan na baya. Mai gida zai taka kusan mita 670 ke nan kafin ya gama, a tafiyar hankali ta kilomita uku a sa'a kuwa wannan minti goma sha uku ne, da juye-juye da zubar da jakar ciyawa a ce minti ashirin. Babban inji mai faɗin santimita 53 zai rage tafiyar zuwa mita 400, ya rage masa kamar minti biyar. Idan yana yanka sau ashirin da biyar a shekara, duk abin da babban injin ya saya masa sa'a biyu ne a shekara, kafin a cire lokacin da zai ɓata yana kokawar juya shi a lungun katanga da gindin bishiya. Batirin ma lissafinsa a fili yake. Ana ninka ƙarfin bolt da yawan amfiya a sa'a, sai a sami abin da ke cikin batirin. Batir mai bolt 36 da amfiya 4 yana ɗauke da wat 144 na sa'a guda, injin da ke jan wat ɗari uku zuwa ɗari huɗu kuma zai yi minti ashirin zuwa kusan talatin a kansa. Babbar lambar bolt da ake bugawa a jikin kwali ita kaɗai ba ta gaya maka komai game da tsawon aiki, kamar faɗin bakin tulu ne da bai gaya maka zurfinsa ba.

Idan lissafi ya nuna ƙaramin ya isa, me ke sa mutum ya ninka kuɗi ya sayi babba? Ban da idon mutane akwai tsoro. Yana tunanin ranar da zai dawo daga doguwar tafiya ya tarar ciyawa ta kai gwiwa, ko ranar da zai koma gida mai babban fili, sai ya sayi kayan aikin ranar da ba ta zo ba, ya riƙa ɗawainiya da shi a duk ranakun da suka zo. Imam Shaɗibi, malamin Malikiyya na Garnaɗa da ya rasu a 1388, ya kasa maslahohin rayuwa gida uku a littafinsa Muwafaƙat: na larura waɗanda rayuwa ba ta tsayuwa sai da su, na buƙata waɗanda rashinsu ke jawo ƙunci, da na ƙawa waɗanda ke ƙara kyau. Duka ukun halal ne, cutar tana shigowa ne idan mutum ya yi wa abu ƙarin girma a zuciyarsa, ya kira ƙawa buƙata, ya kira buƙata larura, don ya sami hujjar kashe abin da ba zai kashe ba da ya kira abin da sunansa. Ciyawar da ta kai gwiwa sau ɗaya a shekara tana da magani mai sauƙi: a ɗaga wuƙar injin zuwa sama a bi ta sau ɗaya, bayan kwana biyu a sauke a sake bi. Masu lambu ma dama sun ce kada a cire fiye da sulusin tsawon ciyawa a yanka guda, don kada a raunana ta. Gidan da ba a saya ba kuwa, hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Awo na biyu jikin mai aikin ne. Ƙaramin injin batir yakan yi nauyin kilo goma sha biyu zuwa sha shida, na fetur kuma ya ninka haka ko ya fi. Na fetur yana son a canza masa baƙin mai, a wanke matatar iska, a duba fulogi, a zubar da sauran fetur kafin hunturu don kada ya lalace ya toshe kafireto, sannan a ja igiya har kafaɗa ta amsa kafin ya tashi. Na batir maɓalli ake dannawa. Wannan bambanci yana da nauyi a ma'aunin ɗabi'a, domin kowane abin mallaka yana karɓar haraji daga mai shi, na lokaci da na wuri da na tunani. Malaman zuhudu sun daɗe suna cewa matsalar dukiya ita ce ta tashi daga hannu ta koma zuciya, hanyar da take bi kuwa sau da yawa ita ce hidimarta. Akwai kuma batun wanda zai iya amfani da kayan. Injin da sai ƙaƙƙarfan namiji ke iya tayarwa ya mayar da tsohuwa mai zaman kanta, ko mai ciwon baya, mabaracin taimako a cikin gidansa. Mai sauƙin nauyi ya bar musu mutuncin yi wa kansu aiki. Kayan aikin da ya dace shi ne wanda mafi raunin mutanen gidan zai iya sarrafawa lafiya, matuƙar yana gama aikin.

Awo na uku maƙwabci ne, kuma a nan ne zancen ya tashi daga abin da ya fi kyau ya kusanci abin da ya wajaba. Duk wanda ya taɓa kwana kusa da janaretan wani ya san cewa hayaƙi da ƙara ba su san iyakar fili ba. Injin ciyawa na fetur yakan kai ƙarar desibel 90, matakin da masana lafiyar kunne ke ba da shawarar a toshe kunne idan za a daɗe a ciki, na batir kuwa mai tura shi yana iya jin wanda ke kiransa daga ƙofa. Ƙananan injinan fetur ba su da na'urorin tace hayaƙi irin na mota, shi ya sa hukumar kula da iska ta jihar Kalifoniya ta ƙiyasta cewa aikin sa'a guda da injin ciyawa irin na 'yan kwangila yana fitar da gurɓataccen hayaƙi daidai da tafiyar mil 300 a sabuwar mota, kamar daga Los Angeles zuwa Las Vegas. A 2021 jihar ta kafa dokar daina sayar da sababbin ƙananan injinan fetur irin waɗannan daga ƙirar 2024. A Jamus kuma doka ta hana tayar da injin ciyawa a unguwannin zama ranar Lahadi da ranakun hutu, da kuma daga ƙarfe takwas na dare zuwa bakwai na safe. Musulmi ba ya buƙatar jiran irin wannan doka. Ƙa'idar hana cuta da cutarwa tana cikin ginshiƙan fikihu, hadisin wasiyyar Mala'ika Jibrilu game da maƙwabci kuma ko yaran islamiyya sun haddace shi. Wanda ke da hanya biyu na gama aiki ɗaya, ɗaya tana tayar da jaririn maƙwabci tana cika tagarsa da hayaƙi, ɗayar ba ta yi, kuma kuɗinsu bai yi nisa da juna ba, yana buƙatar hujja mai ƙarfi kafin ya zaɓi ta farko.

Suka ta farko mai nauyi ga wannan ra'ayi ita ce ta 'yan kasuwa: araha ba ta ado. Injin fetur mai kyau, idan ana kula da shi, yana iya yin shekara goma sha biyar ko fiye, kowane makaniki kuma zai iya buɗe shi. Na batir mai arha jikinsa roba ne, batirinsa yana rage ƙarfi da kowane caji, bayan wasu shekaru sai an sayi sabo da kuɗin da ya kusan rabin na injin, idan ma kamfanin bai daina yin irinsa ba. Wanda ya sayi uku cikin shekara goma sha biyar ya fi wanda ya sayi ɗaya ɓarna. Wannan magana gaskiya ce, kuma ita ce gefe na biyu na ayar Furkan, domin ƙuntatawa ma fita ce daga tsakiya. Amma abin da ta rushe shi ne ɗaukar mafi arha a matsayin mafi dacewa, ba ta taɓa batun awo ba, ƙara masa tsawo ta yi, ta ce a auna shekaru kamar yadda aka auna fili. Mai hankali zai tambayi ko batirin yana cirewa, ko ana samun wuƙa da taya a kasuwa, ko motar cikin injin irin marar buroshi ce wadda ba ta saurin cinyewa. Zai kuma duba dangin batirin, tunda kamfanoni irin su Makita da Ryobi da Bosch suna yin batir guda mai shiga kayan aiki da yawa, wanda yake da na'urar huda bango ta ɗayansu yana iya sayen injin tsirara ba batir. Tarayyar Turai ma ta kafa doka a 2023 da za ta tilasta, daga 2027, a riƙa yin kayayyaki yadda mai su zai iya cire batir ya sa wani. Sauran kuma kula ce: kada a bar batir a rana, kada a ajiye shi wata da watanni babu caji ko kaɗan. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, wanda ya sa kuɗin batir na biyu cikin lissafinsa tun ranar farko ba a cuce shi ba.

Suka ta biyu ta fi ciwo. Ana cewa batir bai kawar da cuta ba, ɗauke ta ya yi daga unguwar mai kuɗi ya kai ta inda ba ya gani. Kusan kashi 70 cikin ɗari na ma'adinin kobalt da ake haƙowa a duniya daga Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango yake fitowa, yawancinsa daga yankin Kolwezi, kuma rahoton Amnesty International na 2016 ya nuna yara suna aiki a ramukan haƙar hannu na can. Wutar da ake cajin ma, a wurare da yawa, daga gawayin ƙasa ko iskar gas ake samo ta. Idan maƙwabci yana da haƙƙi, yaron Kolwezi ma maƙwabci ne a duniyar da kasuwa ta haɗe. Ba na ganin akwai amsar da za ta wanke batir tas, kuma duk mai sayar da shi da sunan tsarki yana yaudara. Sai dai wannan suka, idan aka bi ta har ƙarshe, ita ma wajen ƙarami take nunawa. Fetur ma yana da nasa yaran, mutanen yankin Neja Delta sun san abin da malalar mai ke yi wa gona da rafi, kuma shi ana ƙona shi ne kowane mako har abada, ma'adinin batir kuwa sau ɗaya ake haƙo shi, ana kuma iya narkar da shi a sake amfani da shi idan an mayar da mataccen batir wurin masu karɓa maimakon bola. Batirin wat 144 bai kai kashi ɗaya cikin ɗari huɗu na batirin matsakaiciyar motar lantarki ba. Idan kowane zaɓi yana da cuta, malaman usulu sun ce a ɗauki mafi sauƙin cutar biyu, mafi sauƙin kuwa shi ne mafi ƙanƙantar batirin da zai gama aikin, a riƙe shi mafi tsawon shekarun da zai iya yi.

Suka ta uku ita ce wadda Bahaushe zai fara kawowa, kuma ita ce mafi zurfi. A ƙasar Hausa ciyawa abincin dabba ce. Da damina yara da manya sukan yanko ta da lauje su kai bakin kasuwa, da kaka a ɗaure harawa a ajiye a kan rufi saboda rani, tsakar gida kuma share ta ake yi ƙal don kada maciji da kunama su sami maɓoya. Mutumin da ya tashi a haka, idan aka ce masa akwai inda ake shuka ciyawa, a ba ta taki, a shayar da ita ruwan famfo, sannan a sayi inji a yanke ta a zubar, zai ce ai tun daga tushe aka yi ɓarnar, zaɓen inji kuma kamar tambaya ce ta wane cokali ya fi dacewa a zubar da miya da shi. Alƙaluma suna bayansa. Binciken da Cristina Milesi da abokan aikinta suka wallafa a 2005, da taimakon hotunan tauraron ɗan Adam, ya ƙiyasta cewa ciyawar ado a Amurka ta rufe fili ninki uku na duk wani amfanin gona da ake yi wa ban ruwa a ƙasar. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ce shayar da farfajiya yana cin kusan galan biliyan tara na ruwa kowace rana, kusan sulusin ruwan da gidaje ke sha. Jihar Nebada, da ta ga Kogin Kolorado yana ja baya, ta kafa doka a 2021 cewa a yankin Las Vegas a tumɓuke ciyawar da ba ta da aiki sai ado a gefen tituna da harabar ofisoshi kafin ƙarshen 2026.

Na yarda da mafi yawan wannan, amma hukuncin yana bin wuri. A Ingila, inda ruwan sama ke sauka kusan kowane wata, ciyawa da kanta take fitowa, ko an so ko an ƙi sai an rage ta, tana kuma riƙe ƙasa, tana shanye ruwan da zai yi ambaliya a kan siminti, tana ba yara wurin faɗuwa ba rauni. A hamadar Nebada, ko a Sakkwato da Agadas, shimfiɗa irin wannan ciyawa don kwaikwayon Turawa shan ruwan wasu ne. Igiyar awon da ta ce a sayi ƙaramin inji ita ce dai za ta tambayi ko filin ciyawar kansa bai yi yawa ba. Wanda ya mayar da rabin farfajiyarsa lambun tumatir da albasa, ko ya dasa itacen marmari, ya bar wa yara murabba'in mita hamsin, zai ga ko batir ba ya buƙata, injin turawa da hannu irin na zuriyar Budding ya ishe shi, ba fetur ba caji. Ƙungiyar Plantlife ta Birtaniya tun 2019 take kiran mutane su ajiye inji duk watan Mayu don furannin daji su fito ƙudan zuma su samu. A 1918, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, Shugaba Woodrow Wilson ya saki tumaki a farfajiyar fadar White House don a rage ma'aikatan yankan ciyawa, aka yi gwanjon ulunsu aka ba ƙungiyar agaji ta Red Cross. Makiyayi zai ce sai da yaƙi ya matsa suka gane abin da ya sani tun yana yaro.

Saura mai cewa dukiyarsa ce, ta halal ya samo, ya fitar da zakka, kuma ingantaccen hadisi a Muslim ya nuna cewa son kyakkyawan tufafi da takalmi ba girman kai ba ne, Allah yana son kyau. Haka ne, kuma babu malamin da zai ce sayen babban inji haramun ne. Malamai ma sun ce israfi yana bambanta da halin mutum, abin da ya zama ɓarna ga talaka yana iya zama daidai ga mawadaci. Sai dai a lura da abin da wadata ke canzawa da abin da ba ta canzawa. Tana ba mutum damar sayen mafi inganci, mafi ƙarko, mafi kyawun ƙira, kuma wannan ƙawa ce da ba laifi. Ba ta ƙara wa farfajiyarsa taku ko ɗaya. Kyawun kayan aiki yana cikin dacewarsa da aikin, kamar yadda babbar riga mai tsada idan ta fi ƙarfin mai ita take zama abin dariya. Inji mai kujera a filin da bai isa a juya shi ba yana gaya wa masu wucewa cewa mai gidan yana da kuɗi, yana kuma gaya musu cewa bai san girman gidansa ba. Hadisin Abu Huraira da ya mayar da wadata ta gaskiya zuwa ga zuciya, sau da yawa ana karanta wa talaka shi don ya yi haƙuri, alhali mai hali ya fi buƙatarsa, domin shi ne aljihunsa ba zai tsayar da shi ba, dole wani abu a cikinsa ya tsayar da shi.

Wannan abu kuwa koyonsa ake yi, kuma a kan ƙananan abubuwa ake koyonsa. Ba kowa ne za a jarraba da kujerar mulki ko baitulmali ba, amma kowa zai tsaya a gaban kanta wata rana, mai sayarwa yana nuna masa wanda ya fi girma da ɗan ƙarin kuɗi kaɗan. Wanda ya shiga da lamba a hannu, ya san filinsa mita nawa ne, ya san wanda zai tura injin, ya san tagar wa ke kusa da katangarsa, maganar mai sayarwa ba za ta ɗauke shi ba, domin ya riga ya san inda buƙatarsa ta ƙare. Wanda ya shiga ba awo kuwa, ko da addu'ar neman wadatar zuci a bakinsa, kwali mafi girma ne zai yi masa hukunci. Shi ya sa nake ganin aikin farko ba a kanti yake ba. Yana bayan gida, da safe, mutum ya kafa ƙusa a gindin katanga, ya ja igiya zuwa ɗaya katangar, ya rubuta abin da ya samu a takarda, sannan ya yarda da abin da takardar ta gaya masa ko da ya fi abin da yake zato ƙanƙanta.